Baƙin Littafin da Ke Durowar Ƙasa

Shekara talatin da huɗu Inna Sakatariya ta yi a kan kujera ɗaya, ƙarƙashin fanka mai kukan tsohuwar akuya. Sashenta a jami'a shi ne na tsarin adana bayanai, wato malaman da ke koya wa duniya yadda ake zuba bayani a kwamfuta kada ya ɓace. Ta zo tana 'yar ashirin da biyu, da tafireta da ƙugu. Tafiretar ta koma sito, ƙugun kuwa ta ce ko sallama bai yi mata ba. A tsakani ta aurar da 'ya'ya huɗu, ta binne miji, ta ga bayan shugabannin sashe bakwai.

Kowa ya shaide ta da kawaici. "Inna ba ruwanta," haka ake cewa. In ta ji sai ta sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce, alhali dariya take ɓoyewa.

Dokar sashen ita ce duk malamin da ya buga maƙala a mujalla ya kawo mata ta shigar. Sau uku malaman suna gina manhajar da za ta hutar da ita. Ta farko ta bi kwamfutar da rufi ya yi wa yoyo. Ta biyu, wanda ya gina ta ya samu aiki a wata ƙasa, ya tafi da lambar sirri a kansa. Ta uku tana nan da ranta, sai dai in ka tambaye ta maƙala ta miƙo maka jadawalin jarrabawa. Fayilolin kabad kuma gara ta karance su tsaf.

Sai ga takarda ranar Litinin. Za a ƙirga maƙalun jami'o'in yankin, a jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Hukumar jami'a ta ce sashen da bai kawo jerinsa ranar Alhamis ba, za a haɗe shi da sashen lissafi. Masu rai suka kawo nasu, abin bai taka kara ya karya ba. Fiye da rabin maƙalun na waɗanda suka rasu ne ko suka bar aiki.

Shugaban sashe ya shigo ofishinta yana fifita da takardar.

"Inna, ki rufa mana asiri. Ba ki da ko 'yar takarda da kika ajiye?"

Tana da ita. A durowar ƙasa, bayan man zafi da silifas, akwai wani baƙin littafi mai bangon kwali. Kowace maƙala tana ciki: shekara, mujalla, shafi, ba kuskure ko ɗaya. Illar kawai, babu sunan kowa. Sunan da ta raɗa wa mutum shi take rubutawa, ta ɗora da ra'ayinta a gefe.

"Bari in duba, ranka ya daɗe," ta ce, kai a ƙasa.

Ta so ta kwafe shi a ɓoye da sunayen gaskiya. Ba ta wuce shafi na shida ba ta ci karo da Kunnen Tulu, mai maƙala goma sha ɗaya. Wane ne Kunnen Tulu? Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta kasa tunawa. Gaba kaɗan ga Agogon Aro, ga Ɗan Lelen Fanka, duk ta manta masu su.

"Kin ga irinta," ta ce wa kanta. "Kin gina manhaja ta huɗu, ke ma kin tafi da lambar sirri."

Babu mai gane mutanen nan sai tsofaffin malamai, su ma sai sun ji sunan. Ta kwana biyu tana auna mutuncinta da sashen. Ranar Laraba ta rungumi littafin ta shiga ɗakin taro, inda malamai suka hallara.

"Ku yafe ni tun kafin in fara," ta ce. Ta karanto shekara da mujalla, sannan: "Mai Tari. Ta bara ce ya sake wa riga."

Can ƙarshen tebur, wani tsohon farfesa ya yi iya ƙoƙarinsa ya danne, tarin ya ƙi. Shugaba ya rubuta sunan farfesan ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Dogon Turanci. Shafi ashirin, na buga da hannuna, har yau ban san me ya ce ba."

"Ni ma ban sani ba, Inna," in ji wani daga baya. Aka fashe da dariya, har da shi.

"Za-Mu-Duba. Shafi goma sha biyu, huɗu godiya ce."

Shugaba ya ajiye biro. "Wane ne kuma wannan?"

Babu wanda ya kalli wani wuri sai shi. Ya ɗauki bironsa ya rubuta sunan kansa.

Da aka iso Kunnen Tulu, Mai Tari ne ya buga tebur. "Marigayi mai ofishin kusa da matakala. Wallahi kunnen nan, Allah ya jiƙansa." Maƙala goma sha ɗaya suka dawo gida. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar.

Wata sabuwar malama da ba ta ji kanta ba ta ɓata rai. "Inna, ni fa?"

"Ke ai ba ki buga komai ba tukuna, 'yata. Suna ba kyauta ba ne."

Jerin ya tafi ranar Alhamis da maƙala ɗari da tamanin da bakwai. Da sakamako ya fito, jami'ar ta zo ta goma sha tara cikin ashirin da ɗaya. Aka yi ta musabaha kamar an ci kofi, don dai sashen ya tsira.

Abin da bai tsira ba shi ne "Inna ba ruwanta". Yanzu in malami ya kawo maƙala, ba ya fita sai ya leƙa ya ga me ta rubuta. Ita ma ta daina sunkuyar da kai, ta ce dama wuyanta ya gaji.

A shafin ƙarshe ta ƙara layi ɗaya, da shekara da kwanan wata kamar sauran: "Tsohuwar Munafuka. Maƙala babu. Shekara talatin da huɗu tana lulluɓe, ta yaye da hannunta."