Fuskar Shafi na Arba'in

Duk wanda ya sayi nama a shagonmu na Greensboro ya san ƙa'idar marigayi Malam Isufu: sai ka kalli littafi kafin a yanka maka. Shekara shida muna tare, ni a sikeli, shi a wuƙa, don haka zan faɗi abin a jere.

Na farko, littafin. A yard sale ya tsinto shi, wato gwanjon tsofaffin kaya a ƙofar gida, a unguwar Irving Park. Zane-zane ne na Turawan Jamus da Holan na dā, irin da ake kafawa a gaban coci, duk na waliyyansu da aka kashe saboda addini. Wani an sossoke shi da kibau, na shafi na arba'in kuwa gasa shi ake yi a kan ƙarfe. Na ce wannan ba kayan shagon halal ba ne. Ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Malam Sani, kula da sikelinka."

Na biyu, gyara. Bai yarda da aikin masu kisan da ke cikin hotunan ba. "Dubi riƙon wuƙa! Wannan ko zakara aka ba shi mushe zai yi." Wata rana ya tare Hajiya Rabi, da ta tuƙo tun daga McLeansville, da hoton wani dattijo ana naɗe hanjinsa a sanda.

"Hajiya, wallahi hanjin tunkiya ne wannan."

"Malam, kayan ciki na zo saya!"

"To ai su nake nuna miki."

Tun ranar kifi take ci.

Na uku, dalili. Isufu yana kayar da sa shi kaɗai, amma allura? Ya taɓa gudu har wurin ajiye motoci cikin rigar asibiti, bayan a buɗe. Ga shi likita ya ce dole a yi masa aikin zuciya, shi kuma ya rantse ba zai ƙara kunyata kansa ba. Ashe fuskokin yake nazari.

"Ana gasa mutum, shi kamar mai jiran bas! Yaya ake yi?"

Sai ya fara atisaye. Ya tsaya bayan kanta, ido sama, wuya a karkace, ya miƙo mini tsinken tsire. Sau biyu na ƙi. Na uku na soka. Ihun da ya yi, sai da mai wankin kaya na maƙwabta ya shigo da sanda.

Ranar aikin ni na kai shi. Nas ta kama hannunsa. Ya ɗaga ido sama, ya karkata wuya, allura ta shiga. Shiru.

"Sani, yaya fuskar?"

"Shafi na arba'in."

"Gasasshen?"

"Shi."

"Alhamdulillahi."

Bai farka daga aikin ba. Littafin yana ƙarƙashin sikelina, ban yarda kowa ya taɓa ba.

Allah ya jiƙan Isufu, ya cire masa tsoro a inda ya je, ya tashe shi da fuska mai natsuwa. Amin.