Ranar da Na Dama Kunu da Irin Dawar Surukata

Ko zan manta komai na zaman aurena, ranar da na daka irin dawar surukata ba za ta fita a raina ba.

Ni 'yar cikin garin Kontagora ce, aure ya kai ni wani ɗan ƙauyen Kambari a bayan Nasko. Lokacin ina yaye ɗana na fari, ya ƙi cin komai, kullum idona na kan haƙarƙarinsa. Rannan kowa ya tafi sharar gona, na shiga madafin surukata neman tsamiya. Sai na hango zangarniyoyin jar dawa rataye saman murhu, hayaƙi ya dafe su, ƙwayarsu manya-manya. Na ce a raina mantawa aka yi da su. Na sauke duka, na sussuke, na surfa, na niƙa, na dama kunu. Wallahi yaron nan ya shanye kofi guda, har da lasar baki.

Da surukata Inna ta dawo ta ɗaga kai, igiya kawai ta gani tana lilo. Ta zauna a ƙasa. Maigidana ya ja ni gefe.

"Kin san abin da kika yi? Iri ne fa. Da shi kakanninmu suka sauko daga dutse, ba a samunsa a kasuwa. Ga ruwan shuka ya kusa."

Abin da aka adana tun kaka da kakanni, a hannuna zai ƙare a gidan. Har na fara ƙulle kayana ina kuka, sai ga Inna a bakin ƙofa.

"'Yar nan, ya sha?"

"Ya sha, Inna."

"Duka?"

"Duka."

"Ja'iri! Ashe ya san abin gidansu."

Washegari ta ɗora mini ƙwarya, muka bi gari gida-gida. Ashe al'adarsu ce, ba a hana maƙwabci iri, ko da zangarniya biyu suka rage maka. Kowace tsohuwa sai ta tsokane ni kafin ta miƙo tata. Wata ta ce, "Ke ce 'yar birnin? Bana kin ci iri, baɗi sai mu ɓoye garma!" Ina sunkuyar da kai, suna shewa. Kafin azahar ƙwarya ta cika.

Da muka koma, Inna ta ɗaure zangarniyoyin, ta miƙo mini igiyar.

"Ke za ki rataye. Wadda ta yi kuka a kansa ita za ta iya tsaronsa."

Har yau ni ke zaɓen iri duk kaka, ni ke rataye shi, kuma sau biyu nake leƙa shi a rana, don fargabata ba ta bar ni ba. Na dai koyi abu guda: duk abin da kika tarar a rataye a gidan mutane, akwai wanda ya rataye shi. Ki tambaya kafin ki sauke.