Jarumin da Ba Ya Taɓa Akwatin Mutane

Duk wanda ya san Malam Ishaya ya san bai taɓa tsallake bakin ƙofa ba sai ya tsaya ya ce, "Gafara dai, masu gida." Yana faɗa a ƙofar aji, alhali shi ne hedimasta. Yana faɗa a ƙofar kanti, yana faɗa a ƙofar coci. Da idona na ga ya faɗa kafin ya shiga keke mai ƙafa uku a bakin kasuwar Jimeta, har mai keken ya waiwaya yana neman masu gidan. 'Yarsa Rifkatu ce ta roƙe ni in yi magana a wannan taro na cikarsa shekara da rasuwa, tun da ni, Yohanna, benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar mishan. Na gaya mata ba zan ƙawata shi don a ji daɗi ba. Mutumin nan yana da taurin kai, kuma na zo da hujja.

A shekarar gudu, da mahara suka auka wa yankinmu, ya iso Jimeta daga garinmu na wajen Michika, ba shi da komai sai rigar jikinsa. An fasa gidansa, an kwashe abin da za a iya ɗauka, an sa wa sauran wuta. Ya sauka wurin Rifkatu da mijinta Bitrus. Mutumin da a da ba a iya rufe masa baki ya zauna a kujera ya yi shiru, mako ya bi mako. Ko gardama ba ya yi da ni. Abin da muke tsoro ke nan, kada ya ƙare a kujerar nan muna kallo.

Bitrus yana da wata tsohuwar na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin, tun yana ɗalibi a Sangere. Wasan da ke cikin faifan labari ne: wani saurayi yana bin gari gari, yana yaƙi da dodanni, yana tara abokan tafiya, har ya kai ga wani mugun sarki. Fuskokin mutanen ciki kamar an gina su da bulo. Wata Asabar Bitrus yana bugawa a falo, saurayin ya faɗa gidan wata tsohuwa, ya fasa tukwanenta, ya buɗe akwatinta, ya kwashe abin ciki, ita kuwa tana tsaye.

Sai muka ji murya daga kujera. "Ɗan wane ne wannan?"

Bitrus ya ce, "Jarumin wasan ne, Baba."

"Ɓarawo ne."

"Haka ake bugawa, Baba. Kowa yana ɗauka."

"Na san kowa yana ɗauka. Na gani da idona. Miƙo min abin dannawar nan."

Ya sa aka koma farko, domin a cewarsa ba a fara littafi daga tsakiya. Wasan yana barin mutum ya raɗa suna, sai ya sa wa saurayin Ishaya. Daga baya aka samu abokin tafiya, wani jibgege mai gatari wanda labarin ya ce bai iya karatu ba. Wannan ya sa masa Yohanna. Na nuna rashin amincewata, ya ce an riga an yi baftisma.

Abin da Bitrus ya manta ya faɗa shi ne, da ƙone ƙauyen saurayin ake buɗe wasan. Da Ishaya ya ga wutar, sai ya ajiye abin dannawa ya fita tsakar gida. Muka ce shi ke nan. Washegari da safe ya aiko a kira ni. Ya ce, "Idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Kai za ka riƙa karantawa. Mu fitar da yaron nan daga toka."

Haka na zama mai karatu, ba albashi. Turancin wasan kuwa, da ɗalibina ne ya rubuta shi da ya maimaita aji.

Dokar Ishaya ɗaya ce: ba za a taɓa tukunya ko akwatin kowa ba. A kowace ƙofa sai ya tsayar da saurayin, ya ce da bakinsa, "Gafara dai, masu gida," ya ɗan jira, sannan ya shiga. Kuma sai ya gai da kowa. Akwai wata mata a bakin wani gari da ba ta da magana sai ɗaya, wai yau rana tana da daɗi. Muna cikin zafin watan Maris, fanka tana hura mana wuta, na karanta masa wannan magana. Ya share zufa ya ce, "Baiwar Allah nan ba ta taɓa zuwa Jimeta ba." Duk da haka ko yaushe ya bi ta wurin sai ya gaishe ta. Na ce, "Ka san abin da za ta ce." Ya ce, "Kai ma na san abin da za ka ce, ina gaishe ka."

To, waɗanda suka shirya wasan a akwatunan mutane suka ɓoye makamai masu kyau. Saboda haka Ishayan ciki ya yi ta yawo da sanda da wata yagaggiyar riga. A wata gada akwai ƙatuwar ƙaguwa da ta tsare hanya. Ta kashe shi da safe, ta kashe shi da la'asar, ta kashe shi har damina ta sauka. Ba a kuma iya ajiye inda aka kai sai a bakin rijiya, rijiyoyin suna nesa da juna, wutar lantarki kuma sai ya kusa rijiya ake ɗauke ta.

Bitrus ya tausaya masa. Ya ce, "Baba, a kwamfuta akwai ƙarin da masu wayo suka yi wa wasan nan. A gyara fuskoki, a ba ku takobi mai sara ɗaya, ku ajiye inda kuka ga dama. In sa muku?"

Ishaya ya sauke tabarau. "Wanda ya shirya wasan ne ya sa takobin?"

"A'a, wasu ne daga baya."

"A zamaninmu sunan wannan satar amsa. Yadda aka rubuta jarrabawa haka ake zama a amsa ta."

"Ba wanda zai sani, Baba."

"Ƙaguwar za ta sani."

Ranar da ya kashe ta, da sandar nan, sai da ya sa Rifkatu ta dama kunun gyaɗa aka raba wa maƙwabta. Alhaji Bobbo na gidan gaba ya shigo barka, yana zaton fansho ne ya fito.

Ga kuma rowa. Maganin ƙara ƙarfi da yake samu ta halal, ba ya sha. Saurayin yana tangaɗi, jininsa ya kusa ƙarewa, ina cewa, "Ishaya, ba shi kwalba ɗaya." Sai ya ce, "Ana ajiyewa don ranar wahala." Na ce, "Dodo mai kai uku yana taunarsa. Wace rana kake jira?" Ya ce, "Ta mai kai huɗu."

A haka aka yi shekaru, ana bugawa kaɗan kaɗan. Ya dawo da gardamarsa, ya dawo da cin abinci. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Hanya ta buɗe, mutanenmu suna komawa gida, amma da an ambaci garinmu sai ya sauya magana.

Daga ƙarshe muka isa ƙofar mugun sarkin, muka tarar da ita a kulle. Wani tsoho a wasan ya ce mabuɗin yana cikin akwati, a gida na ƙarshe a ƙauyen da tafiya ta fara. Na karanta masa a hankali. Ishaya ya ce, "Akwati a gidan mutane. To, wasa ya ƙare." Ya koma yawon gaishe-gaishe a cikin wasan, wata da watanni.

Wata rana na gaji. Na ce, "Malam, ka daina yaudarar kanka. Gidan yaron ne. Akwatin ubansa ne."

Ya ce, "Na sani, Yohanna."



Wata Lahadi bayan sujada, bai ko cire kwat ba, ya ce a kunna. Ya bi da saurayin ta gadar ƙaguwa, ya gaida matar mai daɗin rana, ya shiga ƙauyen. Bango baƙi, ba rufi, ba kowa. Ya tsaya a ƙofar gida na ƙarshe. Ya ce, "Gafara dai, masu gida."

Ya jira. Sai Rifkatu, tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Maraba, Baba. Ƙaraso."

Ya shiga, ya buɗe akwatin. Ga mabuɗi. A ƙarƙashinsa kuma ga takobi, wanda ya fi duk na wasan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina dukan dodanni da sanda, ashe takobin ubana yana gida." Ya juya ga Bitrus. "Motarka za ta iya kai mu Michika, ko ita ma sai an yi mata ƙarin masu wayo?"

Sarkin nan bai yi wuyar ƙaguwa ba. Ishaya ya kayar da shi jakarsa cike da magani, ko kwalba ɗaya bai sha ba, wai ko akwai wani a bayansa. A Kirsimetin shekarar muka je gida tare. Ya tsaya a inda ƙofarsa take a da, ya yi gafararsa, maƙwabta suka fito suka amsa. Ya sa rufi a ɗaki ɗaya, kuma a ɗakin ya cika.

Ya Ubangiji, bawanka Ishaya ba zai shigo ba sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, Ka san halinsa. Kada Ka bar shi ya daɗe a tsaye. Ka amsa masa, Ka ce ya ƙaraso. Amin.