Foldar Yaya

Yayata ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin ruwa, shekara goma sha ɗaya ke nan. A ofis Kar-a-taɓa suke kiranta, kuma sunan ya zauna mata daram. Ko a gida, ka ɗauki almakashinta ka ga ikon Allah.

Kwamfutar ofishin tsohuwa ce, manhajojinta ma sun tsufa, ba sa iya lissafin da sabon injin gwaji ke buƙata. Yaya ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta haɗa nata kayan aikin da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, shekara uku cur, ta zuba su a folda guda. A ciki har da laburare, wato ƙananan fayilolin da manhajoji ke ara su yi aiki. Kwamfutar tana da nata, Yaya tana da sababbi, kuma sunansu iri ɗaya. Ta taɓa yi min bayani muna wanke-wanke. Na gyaɗa kai kawai don a zauna lafiya.

Kirki ne ya ja mata. Wata abokiyar aikinta ta roƙa a bar ta ta yi amfani da kayan, sai Yaya ta ƙara layi ɗaya da ke cewa kwamfutar duka ta fara duba foldarta. Washegari da safe manhajar buga sakamako ta ɗauki laburaren Yaya a maimakon wanda ta saba da shi, ta ƙi buɗewa ƙememe. Ga sakamakon rijiyoyi goma sha huɗu ana jira kafin rana ta yi tsaka.

Shugaban ofis ya kira mai gyara. Mutumin ya leƙa, ya ce, "Wannan foldar ce ba ta gida ba. A goge ta, a huta."

Yaya da ba ta iya cewa ta yi kuskure ko a kan gishirin miya, ta miƙe a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, ba foldar ba ce, ni ce. Layi ɗaya na sa inda bai kamata ba. A ba ni minti goma."

"In bai yi ba fa?"

"Ni da kaina zan goge."

Ta cire layin. Ta rubuta ɗan umarni da ke nuna wa manhajarta kaɗai hanyar foldar, sauran manhajoji kowace ta koma ga nata laburaren. Ta danna. Injin bugawa ya yi tari, ya ja takarda.

Wallahi ina alfahari da ita, ko da yake ban faɗa mata ba, kanta zai kumbura. Har yau tana wannan kujerar, foldar na nan, tana fita aiki da fara'arta. Na tambaye ta me ta yi da takardar farko ta fito, ko ta kalli mai gyaran.

"Wane mai gyara? Takardar na duba. Rijiyar makaranta ce, ruwanta lafiya lau."