Wadda Ta Karya Hannun Baba

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, ina aiki a wani ɗan kantin magani a Gorton, gabashin Manchester. Harhaɗa magunguna na karanta, ina da lasisina, amma bizata a jikin aikin nan take ɗaure. In aikin ya tafi, zamana a ƙasar ya ƙare.

Mai kantin dattijo ne ɗan asalin Indiya, mabiyin addinin Jain. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yata. Mutumin nan ko ƙuda ba ya kashewa, kuma ba zuguguta magana nake yi ba. In gizo-gizo ya sauko kan kanta, da kofi da takarda zai kwashe shi ya kai waje, mutane na layi suna tsaki. Ba ya cin nama, ba ya cin albasa, in rana ta faɗi ya rufe baki sai gobe. Na taɓa ce masa, "Baba, da a Kano aka haife ka, da tuni sauro ya gama da kai." Dariya kawai ya yi.

Ni kuwa tun ina yarinya ba na barin ta kwana. Halin ya yi rana a lokacin, don an rufe cibiyar da ke kula da masu shaye-shaye a unguwar, an datse wa mutane tallafi, duk fushin nan a gaban kantarmu ake sauke shi. An zage mu, an tofa mana miyau, an taɓa watsa mini shayi a hijabi. Ba mu taɓa zama mun tsara ba, amma haka muke yi: duk wanda ya ɗaga murya, sai Baba ya ɗan ja baya, ni in matso gaba.

Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo karɓar maganinsa. Mun san shi, dogo ne siriri, kullum cikin rawar jiki. Takardarsa ba ta iso daga wajen likita ba. Baba ya fara yi masa bayani da muryar nan tasa mai sanyi, bai kai ƙarshe ba mutumin ya tsallako kanta. Ya fizgo kwalbar maganin tari ya fasa ta a fuskar Baba. Tabarau ya tarwatse, jini ya ɓalle daga gira ya rufe masa ido. Baba ya zube, mutumin ya bi shi da shuri a ciki da haƙarƙari, da takalmin nan mai ƙarfe a baki. Baba ko kare kansa bai yi ba, yana ta cewa, "Tsaya, ɗana, tsaya."

Akwai wani dogon ƙarfe mai ƙugiya da muke jawo ƙofar kanti da shi. Ban san sanda ya zo hannuna ba. Na zabga wa mutumin a gadon baya, ya juyo da guntun kwalba, na sauke masa a gefen kai. Ya kife tsakanin kwalayen magani, jini na fita ta kunnensa, ƙafarsa na shure-shure, ya sa hannu biyu ya rufe kai.

Ya riga ya faɗi, na gani da idona. Amma idona ya rufe, na sake ɗaga ƙarfen da iya ƙarfina, kansa na nufa. Baba ya rarrafo ya kwanta a kansa, ya ɗaga hannun dama. Ƙarfen ya sauka a hannun, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya rake. Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, Baba ya yi wani irin nishi da har yau nake ji. Na yar da ƙarfen na kira motar asibiti.

Kyamarar kantin ba ta kallon bayan kanta, don haka komai ya rataya a bakin Baba, wanda 'yan sanda suka ce za su saurara idan ya ji sauƙi. Na kira yayana, likita ne a Birmingham, a Small Heath yake zaune da iyalinsa. Ya ce, "Ki saurare ni. In dattijon ya ce mutumin ne ya karya masa hannu, ke kin kare rai, shi ke nan. In ya ce kin sake duka bayan ya faɗi, ki fara tunanin lasisinki."

Ko a jikina. Mutumin da na ceci ransa ai zai rufa mini asiri, haka na sani, haka aka raine ni. Na je gidansa na same shi da ɗinki a fuska da farin filasta har gwiwar hannu. Na faɗa masa abin da nake so.

Ya ce, "'Yata, in na ce shi ne, za a ƙara masa zaman kurkuku a kan abin da bai yi ba."

Na ce, "Baba, kashe ka zai yi fa."

Ya ce, "Zan faɗi wannan ma. Duka zan faɗa."

Na fito. Wallahi da ba tsoho ba ne, da na gaya masa maganar da zai kwana bai yi barci ba.

Yaya ya ce mu yi irin ta gida, mu kama ƙafa da manyan su Baba. Aka yi dace jama'arsu za su taru a Birmingham don karrama babban malaminsu da ya rasu a Indiya, kuma Baba zai je. Yaya ya saka babbar riga, muka tafi. A bakin ƙofa aka roƙe mu mu ajiye takalmi da duk wani abu na fata, har jakata. Muka shiga wani zaure, kowa da fararen kaya, zaune a ƙasa. A gaba an jingine hoton wani tsoho ƙanjamamme, da ƙyalle fari a kan bakinsa, wai don kada numfashinsa ya cutar da ƙananan halittu.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tashi suna ba da labarinsa. Tun yana saurayi ya bar gidan daula, bai ƙara hawa mota ba, a ƙafa ya ratsa ƙasar ba takalmi. Wata mata ta ce ya taɓa zama a wani ƙauye inda dangi biyu ke kashe juna tun zamanin kakanni, ya ƙi cin abinci har sai da suka zubar da makamai a gabansa. Wani tsoho ya ce da rikicin addini ya ɓarke a garinsu, ana yanka mutane ana ƙona shaguna, malamin ya tako ya zauna a bakin layin Musulmi, ya ce duk mai shiga sai ya tsallake shi. Aka jefe shi, aka fasa masa goshi, bai tashi ba. Wannan kam ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Sai dai a raina na ce, da ba don ƙarfena ba, da yau hoto biyu za su jingine.

Da aka ɗan tsagaita, Yaya ya ja wani dattijo gefe, ya durƙusa kamar yadda ake yi, ya kawo kukanmu. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce za su taimaka da lauya, za su rubuta shaidar halina, amma ba wanda zai ce wa Baba ya canja magana. Ya ce malamin da suka taru dominsa ya koya musu cewa ƙarya ma wani irin duka ce, a kan wani take sauka. Yaya ya dawo ya zauna bai dube ni ba.

A ƙarshen taron kowa kan tashi ya ɗauki alkawarin barin wani abu don girmama mamacin. Wani ya bar sigari, wata ta bar kayan siliki. Baba ya miƙe da ƙyar, matarsa na riƙe da shi, ya juyo inda nake.

Ya ce, "Shekaru ina alfahari hannuna bai taɓa dukan kowa ba. Ashe aron hannun yarinyar nan nake yi. In an zo da faɗa sai in ja baya in bar ta, ina jin daɗin tana nan. Ni na kai ta ga ƙarfen nan. Daga yau ba zan ƙara fakewa a bayan kowa ba." Ya yi ƙoƙarin haɗa tafukansa, filastar ta hana. "'Yata, ki yafe mini."

Zauren duka ya zuba mini ido. Yaya ya zungure ni. Na san abin da Musulma ya kamata ta ce, amma bizata nake gani tana ƙonewa.

Na ce, "Za ka canja maganar?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "To ban yafe ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce suna da rana guda a shekara da suke neman gafarar kowa, zai sake tambaya.

Ya faɗa wa 'yan sanda komai, har da cewa na ceci ransa. Ba a ɗaure ni ba, amma hukumar da ke ba mu lasisi ta dakatar da ni, aikin ya tafi, bizar ta bi shi. Na tattara na dawo Kano ina jin haushin duniya.

Duk shekara wajen ƙarshen damina sai wayata ta yi ƙara. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "'Yata, ki yafe mini." Da fari kashe wayar nake yi. Daga baya na koma cewa tukuna, har muna dariya. Matarsa ce ta gaya mini hannun bai ƙara miƙewa daidai ba, da hagu yake rubutu, shi bai taɓa ambata ba.

Shekarar da na shirya ce masa na yafe, ranar na zuwa tun safe na ajiye wayar kusa da ni. Da ta yi ƙara na ɗauka da sauri na ce, "Baba, kafin ka tambaya."

Muryar matarsa ce. Baba ya rasu.