Masu Zuwa Dubiya

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai yayana Abdu tela makwancinsa. Ni direban kamyo ne, babbar motar kaya, ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, sai ku karanta da haƙuri.

Yaya Abdu da ciwon jini aka haife shi. Ba amosanin jini ba ne, danginsa ne, in ji likita: jininsa ba ya daɗewa, sai an riƙa yi masa ƙari. Haka ya rayu a kan kekensa na ɗinki har ya yi furfura.

Waccan shekarar ruwa ya ƙi, soji na kan mulki, kowa na ta kansa. Danginmu na Aderbissinat dabbobinsu sun ƙare, suka kwaso yara suka sauka gidanmu. Lokacin an fito da Yaya daga asibiti ke nan. Likita ya ce mana a rage masu shiga wurinsa, kuma yaro mai zazzaɓi kada ya kusance shi.

To wa zai faɗa wa baƙo haka? Mutum ya rasa garkensa, ya zo gaishe ka, ka ce masa tsaya waje? Ɗakin ya cika, mata da goyo, maƙwabta, abokan kasuwa. Akwai wata jinjira mai ɗan zafin jiki da ƙuraje a kumatu, aka ɗora masa ita a cinya ya sa mata albarka. Na buɗe baki, ya harare ni.

"Kai Mamman, ka taɓa ganin inda aka kori mai dubiya? Zauna."

Na zauna, duk muka zauna.

Yarinyar ta warke ba ko magani. Shi kuwa idonsa ya yi fari fat, ko allura bai iya ɗagawa. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta yara, ba ta komi ga mai lafiya, amma in ta samu irin su Yaya, ko masu wankin ƙoda, sai jiki ya daina yin jini. Ya faɗi sunanta da Faransanci, ban riƙe ba.

Aka ce a kawo jini. Muka yi layi, maza ƙarti. Mai ɗiba yana jan fatar idon kowa yana cewa wuce, kai ma kana buƙata. Yunwa ta riga ta sha mu. Ɗaki cike da masu gaisuwa, aka rasa mai jinin bayarwa. Kafin a samo, Yaya ya cika.

Da zai dawo yau, zai ga kwalta da sola da waya hannun kowa. Zai kuma ga ɗakin majinyaci a cike kamar gidan suna, ana miƙa jarirai. Ina jin ma daɗi zai ji, don shi mutum ne mai son mutane. Ba na iya yi masa fushi, mu da muka ji maganar likita da kunnenmu nake ɗora wa laifi in na tuna.

Bai bar gida ko gona ba. Ya bar riguna da har yau ake sawa ranar Juma'a, ya bar jikanya, Mariyama, mai irin jininsa. In an yi mata ƙari, ni ke zama bakin ƙofa. Makon jiya ƙanwarmu ta zo dubiya da kwanon abinci da ƴan jikokinta, ɗaya na tari. Na ce ta gai da Mariyama daga nan bakin ƙofa. Ta ce Yaya da yana raye ba zai yi mata haka ba. Na ce gaskiya ne. Ta ɗauki kwanonta ta koma.