Likkafanin da Na Kai Abuja

Ku matso, 'yan gida, ku ji hanyar da na bi da ɗana Sale.

Tafoki

Ranar kasuwar Ƙanƙara motar masara ta kife da shi, buhuna suka danne mashi ƙirji. Da ba mu ga jini ba sai muka yi hamdala. Kwana biyu ina gasa wurin da ruwan zafi, mai ɗori na murzawa, muryarshi kuwa sai dushewa take. Rana ta uku, ana sallame asuba, muka sa shi a mota. Na ɗauko likkafanin da na ajiye wa kaina, na cusa ƙasan jaka.

Funtuwa

Ƙarfe bakwai muka iso asibiti. Shinge uku muka wuce, a na ƙarshe soja ya leƙo, ya ga fuskar Sale, ya ce, "Direba, wuce."

Likita ya ɗaga hoton ƙirji, ya daɗe yana kallo. "Hajiya, ina zargin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ce ta tsage, 'yar fata ke riƙe da jinin. Wa ya murza shi?"

Bai jira amsata ba.

"Sai Abuja. Kada ramin hanya ya girgiza shi."

Awa bakwai muka yi, ta Zariya da Kaduna.

Abuja

Likitar mace ce, ba ta kai sa'ar autata ba. Ta ce za su zura bututu mai raga ta jijiyar cinya, ya hau har ƙirji, ya buɗe ya rufe tsagar.

"'Yata, ciwo a ƙirji, me ya kai ku cinya?"

"Mama, rijiya in ta tsage, ai ta ciki ake ɗaure ta. Amma ki sani, wani ƙafafunsa kan mutu."

Na dangwala yatsa a takardar amincewa, aka shiga da shi ɗakin aiki.

Washegari Sale ya buɗe ido. Bututu ya zauna, jini ya bi hanyarshi. Aka tsikari tafin ƙafarshi da allura, bai ji ba.

Gida

Bayan kwana goma sha tara muka sauka Tafoki da la'asar, maza biyu suka shigo da shi ɗaki. Wanda ya kai mu, da wanda ya yi mana addu'a, Allah ya saka.

Ina mayar da likkafanin adaka Sale ya hango.

"Inna, wa kika ɗaukar wa?"

"Nawa ne."

Ya dubi ƙafafunshi, ya juya fuska ga bango.